Magen Baba da Haƙƙin Ido

Ni mutum ce mai ƙyanƙyami, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ba na shan ruwa a kofin da wani ya sa baki, ko da uwa ɗaya uba ɗaya muke. In na ga gashi a miya, to ni da abincin ranar mun yi hannun riga. Sai a ƙiyasta halin da na shiga ran da na fito daga ɗaki da safe, ƙafa ba takalmi, na taka wani abu mai ɗumi da santsi a bakin ƙofata. Na duba ƙasa. Amai ne, rawaya, da kumfa, ga rabin kan busasshen kifi a tsakiya, idonsa ɗaya ko narkewa bai yi ba. Da ƙafa ɗaya na yi tsalle har bakin rijiya ina kakarin amai. Sau huɗu na wanke ƙafar da sabulu, amma yini na yi ina jin abin a tsakanin yatsuna.

Magen Baba ce ta yi wannan aika-aikar. Mu uku ne a gidanmu na Jigwada, cikin Keffi: Baba, da Gwaggo ƙanwarsa wadda ke riƙe da tukunya tun rasuwar Inna, sai ni da aurena ya mutu na dawo gida ina koyarwa a firamare. Magen ce ta huɗu, ko da yake in an bi ta Baba ita ce ta biyu. A cikin buhu ya kawo ta daga garin Gitata tana ƙarama, lokacin yana fataucin hatsi tsakanin can da Panda, wai ta tsare masa sito daga ɓeraye. Ta yi aikin 'yan shekaru, sannan ta gane cewa a gidan nan ba sai an wahala ake ci ba. Ta riga Baba yin ritaya. Lokacin da nake wannan labari ta haura shekara goma, fara ce da ɗigon baƙi a goshi, ɓera kuwa ko ta kan wutsiyarta ya bi sai dai ta buɗe ido ɗaya ta mayar.

Abin da ya lalata ta shi ne haƙƙin ido. A gidanmu ba a cin abu wani yana kallo ba a sam masa ba. Kowa ya san wannan, amma Baba ya kai abin inda ba a kai shi. A wurinsa duk mai ido yana da haƙƙi, ko kaza ce. Magen kuwa ta iya kallo. Da an ajiye masa kwano za ta zo ta zauna a gefen tabarma, ta naɗe wutsiya, ta zuba wa hannunsa ido daga kwano zuwa baki, daga baki zuwa kwano. Ba ta kuka, ba ta kai hannu. Loma biyu zai yi ya ce, "Ido guba," ya tsamo mata abin da ya fi daɗi a miyar. Gwaggo ma haka, sai dai ita lada take nema. Kan kifin banda, ƙashin kifi, ragowar miya da albasarta da dunƙulenta, guntun kilishin da baƙo ya kawo, duk na mage ne. Maƙwabta ma sun san ta. Ni kaɗai ce ba ta taɓa ganin ko ƙwayar shinkafa daga hannuna ba, kuma ta daɗe da daina zama a gabana.

Aman nan ba shi ne na farko ba, na farko ne dai da na taka. Daga ranar na fara lura da ita, irin lurar da ake yi wa abokin gaba. Ruwa take sha kamar za ta ƙarar da rijiya. Na kama ta tana lasar bokitin wanka, na kama ta da kai a cikin ruwan wanke-wanke. Fitsari kuwa ko'ina, bayan randa, ƙarƙashin turmi, sau ɗaya har a kan takalmina na zuwa makaranta. Gidan ya ɗauki zarni. Gashinta da ke sheƙi ya cukurkuɗe, ƙashin bayanta ya fito ana iya ƙirgawa. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne bakinta. In ta yi hamma a tsakar gida, sai ka rantse an buɗe ƙofar masai. Amma haka Baba zai ɗora ta a cinya, fuskarta dab da gemunsa, yana lazimi.

Ba tausayi ne ya sa na kai ta asibiti ba, kada in ci ladan da ban yi aikinsa ba. Warin ne ya ishe ni. Na ce wa Baba ko dai a nema mata magani, ko a kai ta bayan gari a saki. Ya dube ni kamar na ce a kai Gwaggo.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "in akwai mai duba irinsu, ki taimaka ki kai ta. Ƙafata ba za ta kai ni ba."

Gwaggo tana daga madafi ta ce, "Ikon Allah. Mutane ba su gama ganin likita ba, an koma kan mage."

Ran Asabar na sa ta a kwali, na huda ramuka, na tare keke. Kafin mu kai shataletale ta jiƙa kwalin, ɗumin ya ratso zanena har cinya. Matar da ke gefena ta toshe hanci da mayafi, ta tambaye ni ko mushe na ɗauko. Ban tanka mata ba, don da ni ce a wurinta da na faɗi abin da ya fi haka.

Wani ɗan asibitin dabbobi ne a kan hanyar Abuja, mafi yawan masu zuwa masu kaji ne da masu karnuka. Likitar mace ce, 'yar ƙabilar Eggon, ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta na fita da sauri. Ta buɗe bakin magen da yatsu, ta kai hancinta ta shinshina. Na kau da kai. Ta matsa cikinta, ta ja fatar wuyanta ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta ɗebi jini, ta ce in dawo bayan kwana biyu. Da na koma sai ta ja mini kujera.

"Anti, sori fa, ƙoda ne. Me kuke ba ta a gida?"

Na lissafa mata. Tun ina kan kifi take girgiza kai, da na zo kan kilishi sai ta ajiye biro.

Ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma ba zan ce ba ta yi ba. Ta ce ƙoda ita ce rariyar jiki, tana tace dattin jini ta fitar da shi a fitsari. Ta magen nan ta gaji, dattin yana taruwa, shi ne warin bakin, shi ne aman, shi ne yawan shan ruwan. Ta ce ba za ta rantse abinci kaɗai ya jawo ba, tsufa ma yana kawo wa maguna wannan ciwon, amma abin da muke ba ta kamar ɗora wa gurgun jaki kaya ne. Abin da ya lalace ba ya dawowa. Abin da ya rage kuwa, abinci ne zai sa ya daɗe ko ya ƙare da wuri. Gishiri a daina. Albasa a daina, ita guba ce ma a gare su. Sannan ta ambaci wani sinadari da sunansa na Turanci, ta ce yana da yawa a ƙashin kifi da hanta da kayan ciki da nama in ya yi yawa, ƙoda mai lafiya tana fitar da shi, mai ciwo ba ta iyawa.

"Wannan ɗin ma ya fi gishirin haɗari," ta ce. "Abeg, Anti, ki gaya wa mutanen gida. Kowa da kowa fa. In mutum ɗaya yana ba ta a ɓoye, aikin banza muke."

Na ce to. Amma kafin keke ya sauke ni a bakin layinmu sunan sinadarin ya bi iska. Na kuma san mutanen da zan tarar. In na tsaya yi wa Gwaggo bayanin wani abu da ba a gani a cikin hanta, sai magariba ta yi ba mu gama ba. Saboda haka da na shiga gida na taƙaita. Na ce ƙodarta ce ta taɓu, gishiri ne ke kashe ta, daga yau ba mai ba ta komai sai ni. Gishiri kowa ya san shi. Baba ma ya fi kowa saninsa, don shekara uku ke nan da aka hana shi saboda hawan jini, miyarsa daban ake kwashewa kafin a sa. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Ashe ciwonmu ɗaya." Na ji daɗin yadda maganar ta shige shi da sauri, na yaba wa kaina dabara.

Haka na zama kukun mage. Ni da ko inuwarta ba na so, ni ce da asuba nake dafa mata shinkafa ta yi luguf, in sa ɗan farin ƙwai ko tsokar kaza kaɗan yadda likita ta auna mini, ba gishiri ba komai, in dama da ruwa ya zama kamar fate. In wata abokiyar aikina za ta shiga Abuja sai in ba ta saƙon abincin gwangwani na masu ciwon ƙoda. Wannan kuwa in an buɗe shi, ƙarninsa sai ya kwana a hancina. Na ajiye kwanukan ruwa huɗu a kusurwoyin gida. Gwaggo ta leƙa tukunyar ran farko, ta ɗanɗana da yatsa, ta tofar.

"Wannan ai lami ne! Wallahi ko fursuna ba a ba shi wannan. Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah, dabba ce ba ta da bakin kai ƙara."

"Gwaggo, magani ne."

"Shure-shure dai ba ya hana mutuwa. Ki bar baiwar Allah ta ci mai daɗi ta tafi."

Magen ta goyi bayan Gwaggo. Kwana biyu tana shinshina kwanon tana ja da baya, tana yi mini wani kallo kamar na zage ta. A rana ta uku yunwa ta yi mata hukunci.

Wahalar gaske lokacin cin abinci take. Na san muddin ta zauna a gefen tabarma Baba ba zai iya ba, don haka da an zuba abinci sai in ɗauke ta da tsumma in kulle a sito. Magen da ba ta kuka ta koyi kuka. Wani siririn kuka mai ja, ga ƙarar farce a jikin ƙofar kwano. Baba zai kai loma baki, ya tsaya, ya saurara, ya mayar da ita kwano. Rabin tuwonsa yake bari. Na ce masa ai yanzu ba ta ganinsa, ba wani haƙƙin ido. Ya ce, "Ita ba ta ganina, Uwata, amma ni ina ganinta." Na yi tsaki a zuci, na kwashe kwanuka.

Amma abin ya yi aiki, kuma wannan ne ya kama ni. Cikin wata guda aman ya ragu, daga kullum ya koma sau ɗaya a mako. Warin bakin bai tafi ba, amma ya daina riga ta shiga ɗaki. Ta fara lasar jikinta, ta ɗan yi kumari. Wata safiya ina tsugune ina dama mata abinci sai na ji abu mai laushi ya gogi ƙafata. Na daka mata tsawa, na je na wanke wurin. Washegari ta sake, ban wanke ba sai da na gama. Ba zan ce na so ta ba, ƙarya ba kyau. Amma ta zama aikin hannuna. In na dawo daga makaranta, kafin in cire mayafi sai na duba kwanonta na ga ko ta cinye. Da muka koma awo likita ta ce jinin ya yi kyau fiye da da, ta ce in aka ci gaba a haka za ta iya ƙara shekara, wataƙila fiye. Na dawo gida ina jin kaina kamar na ci jarrabawa. Ina so magen nan ta rayu, ko don in nuna wa Gwaggo.

Sai babbar Sallah ta zo.

Wanda ya san gidan Bahaushe a kwanakin layya ya san ba wurin mai ciwon ƙoda ba ne, mutum ko dabba. Jini a makwarara, ƙudaje a kan fata, hanji a baho, nama rataye a igiyar shanya. Kwana biyu Gwaggo tana gaban kasko tana suya, tana watsa gishiri da hannu sake don kada naman ya lalace, ana kwashewa ana zubawa a tukwane, kakide yana daskarewa a kai. Ko bangon gidan ka taɓa sai ka ji maiƙo. Kwana uku magen tana kulle a sito, ni ke riƙe da mabuɗin a bakin zanena. Da aka gama aka ɗebar wa Baba nasa a langa, tsoka da soyayyar hanta, wai na baƙin da za su zo gaishe shi, tunda shi an hana shi. Aka tura langar ƙarƙashin gadonsa. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na ce, "Baba, ka tuna fa." Ya ce, "Ko ƙwayar gishiri ba za ta shiga bakinta ta hannuna ba." Baba ba ya ƙarya, sai na saki jiki.

Mako biyu bayan Sallah aman ya dawo. Ta fara barin abincina a kwano, yana bushewa ƙudaje na bi. Warin ya dawo har ya fi na da, ga wani miyau mai yauƙi da ke dalala daga gefen bakinta yana manne wa gashin ƙirjinta. Kullum ina goge ƙasa da toka da tsumma ina haɗiye zuciya. Nan take na san wani yana ba ta wani abu, kuma ban yi dogon tunani ba na ɗora wa Gwaggo. Na same ta tana tankaɗe, na faɗa mata maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya. Na ce neman ladanta ne zai kashe dabbar, na ce ta fi son a ce ita ce mai gaskiya da a ce magen ta warke. Gwaggo ta ajiye rariya ta dube ni.

"Ni na goya ki a bayan nan," ta ce. "Yau a kan mage kike tuhumata? Na rantse da wanda raina ke hannunsa, tun ran da kika hana ban ba ta ko ƙashi ba. Ki nemi ɓarawonki a wani wurin."

Ban yarda ba. Kwana uku ba ma magana sai gaisuwa.

Ran Alhamis aka tashe mu da wuri saboda taron malamai, na iso gida kafin azahar. Gwaggo ta tafi barka, gidan shiru. Na duba tsakar gida ban ga magen ba. Da na matso ɗakin Baba sai na ji wani sauti, tsut, tsut, kamar yaro na shan mangwaro. Labulen a ɗage yake kaɗan, na leƙa.

Baba yana zaune a bakin gado, langar a buɗe tsakanin ƙafafunsa. Ya ɗauki yankan hanta ya sa a baki. Haƙoransa ba su fi shida ba, sai ya tura ta gefe yana murzawa da dasashi, yana tsotsa, yana haɗiye ruwan, kumatunsa na lotsawa. Ya daɗe yana yi. Sannan ya tara tafin hannu ya tofo ta, ta zama wani dunƙulen abu mai laushi, toka-toka, jiƙe da miyau, ga jan goro a jiki. Ya ɗanɗana da harshe ya tabbatar, ya miƙa ƙasa. Magen ta sa baki a tafinsa tana ci, miyaunta na haɗuwa da nasa, wani zare mai yauƙi ya ja daga leɓenta zuwa yatsansa. Ya goge hannun a gefen riga, ya ɗauki wani yankan.

Ban san lokacin da na isa makwarara ba. Duk abin da na ci da safe sai da ya fito. Ina tsugune ina kakari, idona na ruwa, na ji takunsa a bayana.

"Uwata, lafiya?"

"Baba, me na gani? Me kake yi haka?"

Ko alamar kunya babu a fuskarsa. Har wani ɗan murmushi ya yi, irin na wanda ya warware matsalar da ta gagari masu ilimi.

"Na cire gishirin ne. Tas nake tsotse shi, sai na ji ya zama lami nake ba ta. Ki ɗanɗana ki ji in ƙarya nake."

"In ɗanɗana!"

"Ai kin ce gishiri ne ke kashe ta. Ga nama har nama a gida, tana jin ƙanshi, a ce ko yanka ɗaya ba ta samu ba? Shekara goma ba a taɓa layya ba ta ci ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kwana uku da Sallah. Sau biyu a rana, in kin fita."

Na leƙa langar, saura kaɗan a ƙasa. Wato tsohon da aka hana gishiri ya shanye gishirin rabin rago, magen da aka hana hanta ta cinye hantar. Sai a lokacin na lura da ƙafafunsa, sun kumbura har igiyar takalmin ta nutse. Na so in yi masa faɗa. Me zan ce? Abin da na gaya masa ya bi, bai ƙara ba bai rage ba. Ni ce na ji bayani cikakke na kawo rabi gida, saboda ina ganin tsofaffi ba za su gane ba, kuma ina ƙyashin ɓata bakina. Ƙyamar da na ji a bakin labule ba ta kai wadda na ji a kaina ba.

Na ce, "Baba, ba gishirin kaɗai ba ne. Naman kansa, hantar ma ta fi. Likita ta faɗa mini, ni ce ban faɗa muku ba."

Murmushin ya tafi. Ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni. Ya koma ɗaki ya rufe langar.

Da Gwaggo ta dawo na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce Allah ya yafe mu gaba ɗaya, ta kuma ce in fara kai Baba a auna jininsa kafin in kai mage. Haka aka yi. Shi aka ƙara masa ƙwayoyi, aka yi masa faɗa, kumburin ya sauka cikin mako. Ita kuwa likita ta yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata kwana uku a jere, ta nuna mini gyambon da ya fito mata a dasashi da gefen harshe. Na ba ta labarin tsotsar, ina jira ta yi dariya ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana shafa kan magen.

"Anti, gaskiya ƙodar ya ƙare. Ko ba naman ma dama muna kan hanya, amma naman ya sa mun yi gudu. Yanzu ba maganar doka kuma. Ki kai ta gida. Duk abin da ta so, a ba ta."

A keke ban damu da kwalin ba, a cinya na riƙe ta cikin tsohon zane. Ba ta da nauyin komai.

Na tarar da Baba a tabarma a inuwar sito, bayan la'asar. Na kwantar da ita a gefensa, na ce likita ta ce yanzu a ba ta duk abin da take so. Ya gane abin da hakan ke nufi, bai tambaya ba. Ya aiki Gwaggo ta ɗauko langar. Ya zaɓi yanka mafi laushi, ya yayyage shi da farce ƙanana-ƙanana, ya kai mata dab da hanci. Ta shinshina. Ta buɗe baki kamar za ta karɓa, miyau ya zubo, sai ta kau da kai ta kwantar da shi a kan tabarma. Ya bi ta da hannun ta ɗaya gefen. Ta rufe ido.

"Wata uku tana roƙo a bayan ƙofa," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Sai yau da ba ta iya ci aka ba ta izini."

Na so in ce wata ukun nan ni na samo mata su. Gaskiya ce, kuma har yau ina ganin gaskiya ce. Amma sai na je na kawo ruwa a murfin kwalba ina ɗiga mata a gefen baki.

Washegari da hantsi ta mutu, a wurin, kan tabarmar. Baba ya hana a kira kowa. Shi ya ɗauki fartanya ya haƙa rami a bayan sito, yana yi yana hutawa, ni kuma na naɗe ta a zanen na sa ta. Da ya gama mayar da ƙasa ya daddanna da ƙafa, ya tsaya dafe da ƙotar fartanya yana haki.

"Uwata, likitar ta ce ni ne?"

"Ta ce tsufa ne, Baba. Ta ce dama tana kan hanya."

"Iyakar abin da ta ce ke nan?"

Na ce, "Iyakarsa ke nan."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce in miƙo masa buta. Na ɗauka hannu zai wanke. Ya tsuguna a bakin makwarara, ya guntsi ruwa ya kurkure baki ya zubar. Ya sake guntsa, ya sa yatsa yana cuɗa dasashinsa, ya zubar. Ya sake. Gwaggo ta fito daga madafi ta tsaya. Haka ya yi ta yi har butar ta ƙare, ya miƙo mini ita ba tare da ya ɗago ba, ya ce in ƙaro.